Hoton Auta a Teburin Sunuka

A ɗakin Innarmu, sama da inda take jingine tabarmar sallarta, akwai wani hoto a cikin gilashi. Duk wanda ya san sana'ar hoto in ya dube shi zai ce an yi kuskure. Rabinsa duhu ne, ga tsaba-tsaba kamar an watsa masa rairayi, ƙwallayen da ke cikinsa ma ba a ganin siffarsu, sai wani dogon layi fari da guntun layi ja. Ni na ɗauke shi. Shekarata goma sha ɗaya ina ɗaukar hoton biki da suna da na katin ɗan ƙasa a Maraɗi, amma da za a ce in zaɓi ɗaya tak cikin aikina, shi zan ɗauka. Labarinsa nake so in ba ku, tare da lissafin da na koya a hanya, ko wani mai kyamara zai amfana.

Wanda ke cikin hoton ƙanena ne. Ba mai kiransa da sunan yanka, Auta kawai. Ya faɗi jarrabawar ƙarshen kwaleji sau biyu, ya bar lakwal. Na kai shi wajen mai gyaran babur, ya yi wata uku ya gudu. Na kai shi wajen tela, bai rufa wata biyu ba. Tun yana ƙarami Inna take cewa ƙafarsa ƙaiƙayi take yi, ko tuwo a tsaye yake ci. Bayan rasuwar Baba nauyinsa ya dawo kaina, ni kuma abin da na fi ba shi faɗa ne. Kullum maganata ɗaya ce: ka nemi abin yi.

Wuri ɗaya kawai ake samunsa in an nema, wani shago mai rufin kwano a bayan tasha, inda aka ajiye teburi mai koren ƙyalle. In ka ji sunan wasan a bakin mai Faransanci za ka ji kamar ya ce biyar, har yara kan yi tsokana su tambayi ina shida. 'Yan'uwanmu na tsallaken Jibiya kuwa sunuka suke ce wa duk teburin da ke da rami shida, ni ma zan bi su don kada lissafi ya rikice mana. Gaskiyar magana, abin da ake bugawa a shagon ba shi ne sunukar da ake nunowa daga Sheffield ta Ingila ba. Waccan teburinta ƙafa 12 ne a tsawo, 6 a faɗi, ƙwallayenta 22: ja 15, masu launi dabam-dabam 6, da fara ɗaya. Tamu ita ce mai ƙwallo 15 da fara, wadda ake rufewa da baƙa mai lamba 8, a kan teburin da filinsa bai wuce mita biyu ba.

Inna gidan caca take kiran wurin, kuma ba za a ce ta yi ƙarya gaba ɗaya ba. Dala ashirin ake biya a yi wasa ɗaya, amma akwai masu ɗora jaka ɗaya ko biyu a gefe. Ni ban taɓa taka ƙafata ciki ba. In ina neman Auta, daga bakin ƙofa nake tsayawa in ƙwala masa kira.

Wani dare cikin bazara ya shigo shagona, ya tsaya yana shafa ƙeya.

"Yaya, hoto nake so ka yi mini."

Na nuna masa kujera da labulen da ke bayanta.

"Ba irin wannan ba. A teburi. Ina so a ga ƙwallo tana tafiya."

Na tambaye shi na mene ne. Ya ce ya haɗa kuɗin mota zuwa Agadas, daga can zai wuce Tamanrasat ta Aljeriya wajen wani abokinsa da ke aikin gini. Saura mako uku. Da na buɗe baki zan yi magana sai ya riga ni: "Ai kai ka ce in nemi abin yi, Yaya." Ban sami amsa ba. Na ce ya je, gobe da dare zan zo.

Na tafi da girman kai, ba zan ɓoye ba. Wanda ya saba da hayaniyar kai amarya, me teburi ɗaya zai gagare shi? Kyamarata tsohuwa ce da na saya ta hannu, da lens ɗin da aka sayar da ita da shi, mai 18-55. Na bar ta a kan ta zaɓar wa kanta komai, kamar yadda nake yi in ina sauri. Shagon duhu ne, sai dogayen ƙwayayen neyon biyu da aka rataye a kan teburin. Wani magidanci ya duƙa zai buga baƙar ƙwallo. Na ɗaga kyamara don gwaji, na danna. Filasha ta buɗe da kanta ta haske masa ido daidai lokacin da sandarsa ta tafi. Baƙa ta bugi bakin rami ta dawo.

Ashe jaka biyu ke kan wannan bugun. Mutumin ya yi kaina da sanda a hannu. Dattijon da ke da teburin ne ya shiga tsakani, ya ce da shi, "Yi haƙuri, baƙo ne, yayan Auta ne." Karo na farko ke nan a rayuwata da aka gabatar da ni da sunan ƙanena, kuma sunan ne ya cece ni. Na zaro jaka biyu na biya. Dattijon ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, nan ba gidan biki ba ne. In za ka yi aikinka, ka yi shi kamar ba ka nan."

Ya yi gaskiya. A wajen rawa filasha abokiyar mai hoto ce. Da ita Malick Sidibé na Bamako ya ɗauki hotunan matasan garinsu, har da sanannen hoton nan na wasu matasa biyu suna rawa a 1963, shi da aka ba kyautar Zakin Zinare a Venis a 2007. Mai rawa so yake a gan shi. Mai riƙe da sanda kuwa so yake duniya ta ɓace, ya rage daga shi sai ƙwallo. Shi ya sa ko a manyan gasanni ba a yarda da filasha ana cikin wasa. Na kashe ta, na kashe har ɗan ƙaramin hasken da kyamara kan kunna don neman saiti a cikin duhu.

Da na koma gida na duba hotunan da na ɗauka bayan rikicin, babu ko ɗaya mai amfani. Hannuwa sun narke, ƙwallaye sun zama hayaƙi. Na duba bayanan kowane hoto na ga kyamarar ta zaɓi 1/30, f/5.6, ISO 1600. A nan na tuna karatun maigidana da ya koya mini sana'a. Ya kan ce abu uku ke yin hoto. Na farko ƙiftawa, wato tsawon lokacin da labulen cikin kyamara yake buɗewa haske ya shiga. 1/30 na nufin kashi ɗaya cikin talatin na daƙiƙa. Na biyu ƙofa, wato faɗin hudar da ke cikin lens, wadda ake rubutawa da f. Lamba ƙarama ƙofa babba ce. Na uku ISO, wato yadda kyamara ke ƙara wa ɗan hasken da ta samu ƙarfi. Ya kan rufe da cewa taura biyu ba ta taunuwa: duk abin da ka samu a ɗaya, a wani za ka biya.

Na ɗauki takarda na zauna lissafi. Bugun farko na watsa ƙwallaye, in mai ƙarfi ne ya yi, farar ƙwallo na iya gudun mita 10 a daƙiƙa, kimanin kilomita 36 a awa. A 1/30 ke nan ta ci santimita 33 kafin labule ya rufe. Ita kanta faɗinta milimita 57 ne, wato ta yi tafiyar da ta kusa ninka jikinta sau shida. A 1/125 za ta ci santimita 8, a 1/250 santimita 4, a 1/500 santimita 2, a 1/1000 santimita ɗaya. Bugu na yau da kullum bai kai haka ba, mita 2 ko 3 ne a daƙiƙa, don haka 1/500 ya isa ya tsayar da shi. Amma daga 1/30 zuwa 1/500 rage lokaci ne da rabi har sau huɗu: 60, 125, 250, 500. Ma'ana hasken da zai shiga ya ragu sau 16. Ina zan samo shi a shagon da ke da ƙwai biyu?

Wajen wani abokin sana'a na je na aro lens mai milimita 50 da ke buɗewa har f/1.8. Tsakanin f/5.6 da f/1.8 haske ya kusa ninkuwa sau 10. Na ɗaga ISO daga 1600 zuwa 3200, ya sake ninkuwa biyu. Sau 20 ke nan, na wuce 16 da nake nema. Na mayar da kyamarar kan M, inda ni ke zaɓen komai, saboda duhun da ke bayan 'yan wasa yana ruɗin ma'aunin haskenta, sai ta ƙara haske har farar ƙwallo ta ƙone ta zama tabo. Tunda hasken kan teburi ɗaya ne daga farkon dare zuwa ƙarshensa, a ganina in na saita sau ɗaya na huta.

Sai biyan bashi ya zo. Bashin ISO 3200 shi ne tsaba-tsaba, musamman a wuraren duhu. Wannan na haƙura da shi, don hoto mai tsaba ana iya kallonsa, wanda ya narke kuwa sai shara. Bashin f/1.8 ya fi ciwo. In ka tsaya mita biyu daga abin da kake ɗauka da wannan lens a irin kyamarata, wurin da zai fito tas bai wuce santimita 11 daga gaba zuwa baya ba, faɗin ƙwallo biyu. In idon ɗan wasa ya fito, hannunsa ya dushe. In ƙwallo ta fito, fuskarsa ta tafi. Kyamarar kuma in ta shiga neman saiti da kanta a wannan duhu sai ta yi ta kai da komo har bugu ya wuce. Dabarar da na koma ita ce in saita tun kafin a buga, a kan ƙwallon da ke kan gaba a jeri, in kashe neman saitin, in jira.

Dare na huɗu wani abu ya ɗaure mini kai. Hotuna uku a jere, saiti ɗaya, wuri ɗaya: na farko fes, na biyu duhu mai ruwan ƙasa, na uku rabi haske rabi duhu. Na ɗauka kyamarar ce ta fara mutuwa. Ashe ƙwayayen ne. Kuran da muke amfani da shi a Nijar da Najeriya da Gana da Kamaru mai juyi 50 ne a daƙiƙa, kuma tsofaffin ƙwayayen neyon suna ƙara haske su rage sau biyu a kowane juyi, sau 100 ke nan a daƙiƙa. Ido ba ya gani. Amma 1/500 kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na zagaye guda, don haka sa'a ce: ko ka faɗa kan lokacin haske, ko ka faɗa kan na dushewa. A 1/100 ko 1/50 matsalar takan ɓace, saboda kowane hoto ya haɗiye cikakken zagaye, sai dai a nan kuma ƙwallo ta gudu. In an ɗauke kuran aka tada gurup abin ya fi muni, don ƙaramin inji ba ya riƙe juyinsa daidai. Kyamarori na baya-bayan nan suna da maganin wannan. Canon ta sa shi a 7D Mark II a 2014, inda kyamara ke jinkirta ƙiftawa kaɗan har ta dace da ƙololuwar haske. Tawa ta girmi wannan zamani. Abin da na iya shi ne in ɗauka da yawa in zaɓa.

Launi ma ya ba ni aiki. Koren ƙyalle ya cika hoto, sai kyamara ta yi ƙoƙarin rage kore, fuskokin mutane su koma ruwan hoda. In ba ta rage ba kuma, ƙyallen ya maido kore a haɓar duk wanda ya duƙa. Na shimfiɗa farar takarda a tsakiyar teburi, na ɗauke ta, na ce wa kyamara wannan shi ne fari. Na kuma koma ɗauka da RAW, don in iya gyara launi a kwamfuta ba tare da hoton ya lalace ba.

Saura lokacin dannawa, wanda babu maɓallin da ke saita shi. Kan sanda yana taɓa farar ƙwallo na kimanin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ɗan Adam kuwa daga gani zuwa motsa yatsa yana cin kusan rubu'in daƙiƙa. In ka ji ƙarar bugu sannan ka danna, ka makara. Na gwada riƙe maɓalli kyamara ta yi ta ɗauka a jere, amma tawa hoto huɗu take yi a daƙiƙa da ƙyar, tsakanin hoto da hoto ƙwallo mai gudun mita 10 ta ci mita biyu da rabi, ta gama teburin ke nan ta fara dawowa. Na koka wa Auta. Ya yi dariya, ya zaro wayarsa ya nuna mini bidiyon Ronnie O'Sullivan a gasar duniya ta 1997, ranar da ya ci maki 147, iyakar abin da aka saba samu a juyi ɗaya, cikin minti biyar da 'yan daƙiƙu.

"Yaya, ka daina kallon ƙwallo. Kalli kansa, kalli gwiwar hannunsa."

Na kalla. Mutumin yana zagaya teburi kamar ana korarsa, amma da zarar ya duƙa sai kai ya kafe. Hannun gaba ya manne da ƙyalle. Sanda ta je ta dawo, ta ɗan tsaya a baya, sannan ta tafi. Auta ya ce wannan 'yar tsayawar ita ce alama, kowane ɗan wasa yana da tasa.

Daga wannan dare na ajiye kyamara a cinya na fara kallon ƙanena. Abin kunya ne in faɗa, amma shekara ashirin da biyu yana gabana ban taɓa zama na kalle shi na minti goma ba tare da ina shirya faɗan da zan yi masa ba. Na ga yana zuwa tun la'asar ya share ƙyallen da buroshi, kullum ta fuska ɗaya. Na ga dattijon ya bar masa ajiyar kuɗin shago, ba ya ko ƙirgawa in ya karɓa. Na ga ba ya ɗora kuɗi a wasa. Masu ɗorawa ne ke ɗorawa a kansa, in sun ci su saya masa shayi. Na ga yana goga alli sau biyu kafin kowane bugu, ya ja sanda sau uku, a na ukun ya tsaya kamar mai sauraron wani abu, sannan ya saki. Na ga in ya buga ba ya ɗagowa sai ƙwallo ta gama tafiyarta. Yaron da aka ce ba ya iya zama wuri ɗaya yana iya yin awa biyu shi kaɗai yana maimaita bugu guda, ya maido ƙwallo inda take ya sake.

Ƙarshen mako na biyu na sami abin da nake nema. 1/1000, f/1.8, ISO 6400, na durƙusa a ƙarshen teburi daidai tsayin ƙyalle, don abin da ke tahowa wajenka bai kai wanda ke gilmawa ta gabanka narkewa ba. Na danna a kan tsayawar nan ta uku. Jerin ƙwallaye ya tarwatse, kowace da lambarta a fili, har ƙurar alli ta fito. Na buga shi babba na kai masa ina jin kaina. Ya daɗe yana kallo.

"Ya yi kyau, Yaya. Amma kamar ba a buga ba. Ƙwallaye ne kawai a zube."

Na ji haushi, na karɓe hotona. A gida na sake dubawa, na ga gaskiyarsa. Lokacin da Eadweard Muybridge ya ɗauki doki yana sukuwa a Kalifoniya a 1878, ƙafafu huɗu sun bar ƙasa, kowa ya san doki ba ya tsayawa a iska, don haka hoton da kansa ya shaida gudu. Haka ɗan ƙwallon ƙafa in ya yi tsalle, haka ɗan kokowa in an ɗaga shi. Ƙwallon sunuka kuwa a kan ƙyalle take ko tana gudu ko tana kwance, kuma siffarta ɗaya ce ta kowace fuska. In ka tsayar da ita cak, ka goge shaidar cewa ta taɓa motsi. Mako biyu na yi ina biyan bashi don in kashe abin da aka ce in nuna.

Na san akwai wata hanya. Bayan an tashi wasa, da izinin ɗan wasa, ana iya sa ƙiftawa a hankali a haɗa da filasha da ke tashi a ƙarshen buɗewar labule, sai layin gudu ya fito a baya, ƙwallo ta fito tas a gaba. In filashar ta tashi a farko, layin kan fito a gaban ƙwallo, ta zama kamar da baya take tafiya. Na faɗa wa Auta mu shirya haka. Ya ce a'a, shi ba ya son na shiri, in yana sane da ni hannunsa ba zai zama nasa ba.

Daren ƙarshe, ana gobe zai hau mota, shagon ya cika da 'yan fadarsu da suka zo sallama. Ana idar da sallar isha'i aka ɗauke kuran. Gurup ɗin dattijon babu mai. Wani ya kawo fitila mai batir aka ɗaure ta da igiya a inda neyon yake. Raina ya ɓaci, na fara mayar da kyamara jaka. Sai na lura da abu biyu. Hasken fitilar bai da ƙarfi, amma a tsaye yake, ba ya rawa, tunda daga batir yake fitowa. Sannan ma'auni ya nuna mini cewa a f/2 da ISO 1600 ba zan wuce 1/15 ba. A wannan jinkiri duk abin da ya motsa zai bar layi. Abin da bai motsa ba ne kawai zai fito. Kuma mako uku sun koya mini abin da ba ya motsi a jikin Auta.

Hannu ba ya riƙe kyamara a 1/15. Da lens mai 50 ko a 1/80 sai mai natsuwa. Na jawo akwatunan lemo biyu na ɗora ɗaya kan ɗaya, na ninke hulata na sa a ƙarƙashin lens. Na zauna a gefen teburi maimakon ƙarshensa, saboda dalili biyu. Daga gefe, fuskarsa da hannunsa na hagu da sanda duk suna nesa ɗaya da ni, don haka ɗan siririn wurin da ke fitowa tas zai ishe su duka. Kuma ƙwallon da ke gilmawa ita ce ke barin layi mafi tsawo. Na saita a kan idonsa, na kashe neman saiti, na ɗora yatsa a hankali. Bai ko dube ni ba. Ina jin ya ɗauka na haƙura.

Sau ashirin da uku na danna a wannan dare. A wasu na riga shi, a wasu na makara, a wasu wani ya jingina da akwatunan. Na goma sha tara ne ya dace. Jar ƙwallo tana kusa da fara, bai fi taƙi ɗaya ba. Ya goga alli sau biyu, ya ja, ya ja, ya tsaya. Na danna. A hoton, hannunsa na dama ya zama inuwa, sanda ta zama haske mai tsawo, fara ta ja layi har inda ta sami ja, ja kuma ta fara nata. A tsakiyar wannan duka ga fuskar Auta, ana iya ƙirga gashin girarsa, ga zufa a goshinsa, ga yatsun hagunsa a buɗe a kan ƙyalle kamar an dasa su.

Da asuba na buga biyu. Ɗaya na kai masa tasha. Ya duba, bai ce ya yi kyau ba, sai ya ce, "Yauwa." Ya sa shi cikin rigarsa. Na so in ce masa ya fasa tafiyar, mu nemi bashi mu sayi teburi, ko ya zo in koya masa hoto. Na so in ce na janye maganar da na shekara ina yi masa. Abin da ya fito daga bakina shi ne ya riƙa shan ruwa a hanya, ya kira in ya isa Agadas. Na ƙara masa jaka goma. Motar ta tashi.

Ɗayan na yi kwana uku ina ɓoyonsa, don na san ra'ayin Inna a kan wurin. Ran na huɗu na miƙa mata, na shirya jin faɗa. Ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta nisanta shi da idonta, ta matso da shi.

"Wannan farin mene ne?"

"Ƙwallo ce, Inna, tana gudu."

"Shi kuma fa?"

"Shi a tsaye yake."

Ta yi shiru. Ta sa gefen mayafinta ta goge gilashin da babu ƙura a kansa.

"Haka babanku yake yi da fuska in yana yanka fata," in ji ta. Baba dukawa ne. "Ashe yaron nan yana iya tsayawa." Ta ce in nemo ƙusa.

Shekara huɗu ke nan. Auta yana Tamanrasat, ya tashi daga ɗaukar siminti ya koma ɗora tayil, aikin da ya ce sai da ido da haƙuri. Yana aiko wa Inna abin da ya samu. Bai zo gida ba tukuna, kullum sai ya ce bayan salla. Nasa hoton ya jiƙe da zufa tun a hanya ya manne da takardunsa, sau biyu ina sake tura masa ta WhatsApp saboda ya canza waya. Dattijon ya sayar da teburin bara, shagon ya zama wurin cajin waya.

Matasa masu koyon hoto sukan zo shagona su tambaye ni lambobin da za su sa in za su ɗauki wasa a cikin ɗaki. Ina ba su: a kashe filasha, a koma M, a buɗe ƙofa iyakar yadda lens zai iya, 1/500 in ana son tsayarwa, 1/100 in ƙwai yana rawa, 1/15 da abin ɗora kyamara in ana son layi, a saita tun kafin bugu. Sannan in ce su je su yi dare uku a wurin kyamara tana cikin jaka, har su san wanda za su ɗauka. Yawancinsu lambobin kawai suke rubutawa.

Watan jiya Auta ya kira da dare. Ina jin ƙarar ƙwallaye a bayansa. Ya ce ya sami wani teburi a unguwarsu, yana zuwa ran Juma'a in an tashi aiki, amma hannunsa ya yi kanta, sanda ba ta zamewa a kan yatsunsa kamar da.

"Har yanzu sau uku kake ja?" na tambaye shi.

Ya yi shiru, sannan ya yi dariya. "Yaya, wa ya faɗa maka sau uku nake ja?"